Kuɗin Ashabul Kahfi: Tsokaci a Kan Tsallake Zamani a Ƙagaggun Labaranmu

Akwai wata magana da nakan ji a bakin 'yan'uwana ɗaliban adabi duk sa'ad da hira ta biyo ta kan finafinan nan na Turawa, waɗanda ake nuna mutum ya shiga wata na'ura ya koma zamanin kakanninsa, ko kuwa ya tsallaka zuwa na jikokinsa. Cewa suke yi wai wannan jigo baƙo ne, ba shi da saiwa a adabin Hausa, ko an dasa shi ma ba zai kama ba. Wasu har sukan ƙara gishiri su ce tunanin Bahaushe bai taɓa kaiwa can ba. To, ni dai ban yarda ba. A ganina jigon tsallake zamani ya riga boko shigowa ƙasar nan, kuma marubutanmu na farko sun kama shi da hannu biyu, sai dai sun sake shi tun ba su tatsi abin da ke cikinsa ba.

Bari mu fara da abin da masu waccan magana suke hange. A 1895 wani Baturen Ingila, H. G. Wells, ya fitar da littafinsa The Time Machine, watau na'urar zamani. Tauraron labarin ya ƙera wani abin hawa mai sirdi, ya hau, ya ja ƙarfe, sai ga shi a shekara ta 802,701. Ya tarar 'yan Adam sun rabu gida biyu. Ga Eloi a doron ƙasa, kyawawa, ragwaye, ba aikin fari ba na baƙi. Ga Morlock a ƙarƙashin ƙasa cikin duhu, su ke aiki da injuna, in dare ya yi su fito su kama na sama su cinye. Duk wanda ya karanta littafin da idon basira ya san ba shekara ta 802,701 ce ta dami Wells ba. Landan ta zamaninsa ce ta dame shi, inda masu hali ke shan iska, leburori kuwa na can cikin ramin kwal da hayaƙin masana'antu. Na'urar dabara ce kurum ta ɗauke mai karatu daga inda yake zaune, domin ya hango gidansu daga nesa ya ga inda katanga ta tsage. Ke nan na'ura ba ita ce jigo ba. Jigon shi ne mutumin wani zamani tsaye a tsakiyar wani zamani da ba nasa ba.

Idan mun yarda da haka, to yaron da ya zauna makarantar allo a Jiga Birni ko Jega ko Maiyama ya san wannan jigo tun bai iya baƙin boko ba. Kowace Juma'a ana karanta Suratul Kahfi, kuma a ciki akwai ƙissar samarin nan da suka gudu da imaninsu suka shiga kogo, Allah ya sa musu barci shekara 309. Da suka farka suna tsammanin yini ɗaya suka yi ko wani sashe na yini. A Suratul Baƙara kuma ga mutumin da ya bi ta kan wata alƙarya da ta rushe, aka ɗauki ransa shekara 100 sa'an nan aka tashe shi, ya ga abincinsa bai lalace ba amma jakinsa ya zama ƙasusuwa. Yawancin masu tafsiri sun ce Uzairu ne. Ba cewa nake yi waɗannan ƙissoshi ƙage ne ba, Allah ya kiyaye. Abin da nake nufi shi ne, al'ummar da ta yi ɗaruruwan shekaru tana jin su a bakin malamanta ba za a ce ba ta taɓa tunanin mutum ya wayi gari a zamanin da ba nasa ba.

Wurin da ya fi jan hankalina a ƙissar Ashabul Kahfi shi ne maganar kuɗi. Sun aiki ɗayansu gari da azurfarsu ya sayo abinci, suka gargaɗe shi ya bi a hankali kada a gane su. Masu tafsiri sun ce abin da ya tona asirinsa shi ne kuɗin da ya miƙa, domin na zamanin wani sarki ne da ya daɗe da mutuwa, har mai abincin ya zaci wata taska ya tono. Dubi wannan da kyau, ya kai mai karatu. Ba fuskarsa ce ta nuna shi baƙo ba ne. Abin da ya amince da shi ne, abin da ya ƙulle a jikinsa yana ganin da shi zai ci abinci, shi ne ya tashi daga aiki ba da saninsa ba.

Wannan kuwa mu a nan ba labari ba ne, mun gani da idonmu, ba sau ɗaya ba. Ran 1 ga Janairu 1973 aka ajiye fam da sule da sisi da taro, aka ɗauko naira da kobo, fam ɗaya ya zama naira biyu. Har yanzu akwai dattawan da in suna ciniki a kasuwar Jega da fam suke lissafi a zuci, su ce jaka suna nufin naira 200, domin a da jaka fam 100 ce. A watan Afrilu 1984 gwamnatin soja ta sauya launin takardun kuɗi, ta ba da 'yan kwanaki ƙalilan a canza. A farkon 2023 aka sake yin irinta, aka shiga wahalar kuɗi mai tsanani kafin Kotun Ƙoli ta sa baki a watan Maris. Wa abin ya fi bugu? Manomin albasa da ya ajiye cinikin kakarsa a ɗaka domin banki ya yi masa nisa, da tsohuwar da ta kwance bakin zane ta miƙa takarda, mai tebur ya girgiza kai ya ce, “Inna, wagga ba ta ci yanzu.” Wannan tsohuwa ba ta shiga kogo ba. Tana nan zaune a gidanta zamani ya yi tafiya ya bar ta. Haka kuma dattijon da aka haifa a Jiga Birni kafin mulkin kai: ya yi zama a Jihar Arewa, a 1967 ya koma Jihar Arewa maso Yamma, a 1976 Jihar Sakkwato, ran 27 ga Agusta 1991 Jihar Kebbi, alhali ko zauren gidansu bai sauya ba.

Harshenmu ma yana da abin faɗi a kan wannan al'amari, kuma abin mamaki ne yadda muke furta shi kullum ba mu lura. Mukan ce “nan gaba” muna nufin abin da bai zo ba, mu ce “a baya” muna nufin abin da ya wuce. Amma kakanninmu fa? Su ne magabata. Yara masu tasowa su ne na baya. Wanda ya rasu cewa muke yi ya riga mu gidan gaskiya. Watau a tunanin Bahaushe al'umma ayari ce, matattu su ne madugai suna gaba, mu muna bin sawu. Wanda ke son ya sadu da kakansa ba juyawa zai yi ba, ci gaba da tafiya zai yi, zai cim masa. Ga kuma yadda muka raɗa wa kwanakin da ke tafe suna ɗai-ɗai, gobe, jibi, gata, citta, amma na baya daga jiya sai shekaranjiya. Abin da ke bayan mutum kuwa an riga an gaya masa matsayinsa: da na sani ƙeya ce. Tana jikinka, kana taɓa ta, amma ba ka ganinta, balle ka gyara.

Saboda haka matafiyin zamani irin namu ya sha bamban da na finafinai. Ba ya ƙera na'ura, kai shi ake yi, ko da ikon Allah kai tsaye, ko ta hannun aljannu kamar yadda muke ji a labaran baka na mutumin da suka ɗauke, ya komo yana cewa kwana biyu ya yi, ya tarar an raba gadonsa. Kuma gaba yake yi, ba ya komawa baya ya taɓa abin da bakin alƙalami ya bushe a kansa. Ko a labaran waliyyai, inda ake zancen naɗe ƙasa, haka abin yake. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da kansa ya rubuta cewa yana ɗan shekara 40 da 'yan watanni, wajen 1794, aka haɗa shi da Shehu Abdulƙadir Jelani wanda ya ɗaura masa takobin gaskiya. Abdulƙadir ya rasu a Bagadaza a 1166, fiye da shekara 600 ke nan tsakani. Amma lura, Shehu bai je ya sauya wani abu a tarihin Bagadaza ba. Karɓo amana ya yi ya kawo wa zamaninsa.

Yanzu sai mu zo kan rubutaccen zube, inda nake da ƙorafi. A cikin littattafai biyar da suka fito daga gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933, wanda ya fi kusa da wannan jigo shi ne Ganɗoki na Malam Bello Kagara, wanda aka buga a 1934. Ganɗoki barde ne na zamanin da Turawa suka ci Bida da Kwantagora a 1901. Ya yi yaƙi da su, ya bi hanyar gabas a zamanin hijirar Sarkin Musulmi Attahiru wadda ta ƙare da yaƙin Burmi a 1903, daga nan labarin ya bar turbar tarihi ya faɗa duniyar aljannu da yaƙe-yaƙen ban mamaki. Can daga baya ya komo gida ya tarar mulkin Turawa ya zauna da gindinsa, takobi ya koma kube, yara suna zuwa makarantar boko. Masu nazari sun saba kushe littafin da cewa zubinsa ya rabu biyu, rabi tarihi rabi tatsuniya, kamar an ɗinka riga da ƙyalle iri biyu. Ni kuwa ina ganin ƙasar aljannun nan ita ce kogon Ganɗoki. Marubucin yana bukatar wurin da zai ɓoye bardensa, wurin da agogon ƙasar Hausa ba ya aiki, har zamani ya juya, sa'an nan ya fito da shi. Wannan hikima ce, ba rauni ba.

Raunin yana wajen fitowar. Mutumin da ya rantse ba zai zauna ƙarƙashin Nasara ba, ga shi ya komo ya tarar jarumtarsa, wadda ita ce azurfar da ya ƙulle, ba ta sayen ko ƙwayar gero. A nan ne littafin ya kamata ya tsaya ya yi numfashi. Me Ganɗoki zai ji sa'ad da ya ga sarakunan da ya sani suna karɓar albashi? Wa zai gaishe shi, da wane kirari? Amma nauyin littafin duk ya tafi ga sara da suka, komowar kuwa ba ta sami rabon da ya dace da ita ba, kuma barden ya rungumi sabon zamani ba tare da mun ga jinin da abin ya zubar masa a zuci ba. Ba na ɗora wa Malam Bello laifin duka. An haife shi kafin zuwan Turawa, ya ga abin da ido, lalle ya san ciwon. Sai dai hukumar da ta shirya gasar kuma ta buga littafin ta gwamnatin mulkin mallaka ce, kuma don makarantunta aka buga shi. Wanda ke cikin jirgi ba ya faɗa da matuƙi.

Domin a ga abin da aka yi hasara, a dubi abin da Misirawa suka yi da irin wannan dama. A 1907 Muhammad al-Muwailihi ya fitar da Hadisu Isa bin Hisham, inda wani Basha na zamanin Muhammadu Ali ya fito daga kabari ya shiga Alƙahira ta zamanin Ingilishi. Tun bai yi nisa ba ya yi rigima da wani mai jakin haya, sai ga Basha guda a hannun 'yan sanda, daga nan sai kotu, inda ya tarar wai shi da mai jaki ɗaya suke a gaban doka. Da wannan rigima ta jaki marubucin ya bi ofis-ofis da kotu-kotu yana tankaɗe sabon zamani da tsohon baki ɗaya, bai bar kowa ba. A 1933, shekarar gasar Zariya, Taufiƙ al-Hakim ya fitar da wasan kwaikwayonsa Ahlul Kahfi, inda mutanen kogo suka fito, suka ga duk abin da ya ɗaure su da duniya ya wuce, suka koma kogon da ƙafarsu. Ko Rip Van Winkle na Washington Irving, wanda ya fito a 1819, da ya yi barcin shekara 20 ya farka ya tarar an sauke hoton Sarkin Ingila a ƙofar masauki an sa na George Washington, ya kusa shan duka don ya ce shi talakan sarki ne. Kowannensu ya san daɗin labarin yana wurin miƙa tsohon kuɗi. Namu ya kai bakin kasuwa ya juya.

Tauraruwa Mai Wutsiya ta Umaru Dembo, wadda ta fito a 1969, shekarar da aka sauka a kan wata, ta yi ƙoƙari ta wata fuska, ta ɗauki yaro Kilba ta kai shi sararin samaniya tare da Kolin Koliyo. Amma tafiyar ta wuri ce, ba ta zamani ba, saboda haka ba zan daɗe a kanta ba. Sai dai ta tuna mini da wani abu da ya kamata masu cewa jigon nan na Turawa ne su sani. Ilmin kimiyya kansa ya fi goyon bayan irin tamu tafiyar a kan ta finafinai. Tun 1905 Albert Einstein ya nuna cewa agogon mai gudu yana jinkiri a kan na wanda ke zaune, a 1915 ya ƙara da cewa ƙarfin jan ƙasa ma yana taɓa tafiyar lokaci. A 1971 aka ɗauki agoguna masu tsananin daidaito aka zaga duniya da su cikin jiragen sama, aka komo aka tarar sun saɓa da na ƙasa kamar yadda lissafi ya nuna. Taurarin ɗan Adam da wayoyinmu ke neman hanya da su, agogunansu suna wuce namu da kashi 38 cikin miliyan na sakan ɗaya kowace rana, dole sai an gyara. Ke nan tsallakawa gaba abu ne tabbatacce, ko da kaɗan ne; komawa baya kuwa babu wanda ya taɓa nuna shi. Wani ɗan sama jannati, Sergei Krikalev, ya tashi a watan Mayu 1991 yana ɗan Tarayyar Sobiyat, ya sauko a watan Maris 1992 ya tarar ƙasar ta wargaje, garinsu Leningrad ma an sake masa suna. Yana can sama aka ƙirƙiro mana Jihar Kebbi.

To, komawa baya fa, haramun ne ga marubucin Hausa? Na san abin da wasu malamanmu za su ce, kuma maganarsu tana da nauyi: labarin da mutum zai koma ya hana abin da Allah ya ƙaddara ya auku yana karo da imani, ga shi hadisi ya hana mu yawan cewa “da na yi kaza da kaza ya faru”. Na karɓi wannan. Amma ba duk mai komawa baya ne ke zuwa gyara ba, akwai mai zuwa shaida. A 1979 wata baƙar fatar Amurka, Octavia Butler, ta fitar da Kindred. Tauraruwar, Dana, tana zaune a gidanta a 1976 sai ta riƙa tsintar kanta a wata gonar bayi a Maryland a farkon ƙarni na 19. Ba na'ura, ba bayani. Abin da ke jawo ta shi ne ran wani Bature mai bayi, Rufus, wanda ta gano kakanta ne, in ya mutu da wuri ita ma ba za a haife ta ba. Ba ta hana bauta ba, ba ta sauya tarihi ba, ta dai ɗanɗana bulala, ta komo ba hannu ɗaya. Ban ga inda irin wannan zubi ya taɓa ƙaddara ba. Waiwaye ne, wanda muka ce adon tafiya ne, sai dai wannan waiwayen da ciwo.

Kayan aikin kuwa ga su nan a ƙofar gida. A ƙarshen 1803 rundunar Sarkin Gobir Yunfa ta faɗa wa Gimbana, garin Malam Abdussalami, ta kama mutane, ta biyo da su ta kusa da Degel, jama'ar Shehu suka kwance su. Wannan na cikin abubuwan da suka kai ga hijira zuwa Gudu a watan Fabrairu 1804. Shi wannan Abdussalami da aka yi rigimar dominsa, bayan rasuwar Shehu a 1817 ya saɓa da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, aka ci garinsa Kware, ya rasu a 1818 da raunin da ya samu. Ɗansa Buhari ne ya kafa Jega 'yan shekaru bayan haka, garin ya zama babbar kasuwa a bakin Gulbin Gindi, mahaɗar fataken goro masu zuwa Gwanja. Bayanin saɓanin da ya fi shahara shi ne wanda Bello ya rubuta a Sardul Kalam, watau mun ji ta bakin wanda ya yi nasara. Masanin tarihi dole ya tsaya inda takarda ta tsaya. Mai ƙaga labari ba dole.

A ɗauki ɗalibi ɗaya daga jami'ar da aka kafa a Aliero a 2006, irin waɗanda ke tinƙaho da asali a ɗakin kwana, kowa kakansa malami ne ko barde, ba a taɓa jin wanda ya ce kakansa bawa ne ba. A sa shi barci a gindin wata kuka a hanyar Jiga Birni, ya farka ranar kasuwar Jega wajen 1850, da takardar naira 1,000 a aljihu, ana ciniki da wuri. A bar shi ya ratsa rumfar goro da ta gishiri da ta baƙin saƙi, har ya isa inda ake zaunar da mutanen da aka kawo sayarwa. A can zai ga wani mai kama da mahaifinsa ƙwabo da ƙwabo. Aikin marubucin shi ne ya yanke shawarar ko mutumin nan shi ke riƙe da igiya, ko kuwa a wuyansa take.